Kan Maciji da Ruwan Randa

A zangon karatun da ya gabata, ran wata Talata da hantsi, muna tare da ɗaliban aji biyu muna nazarin tarihihi, sai darasi ya kawo mu kan labarin Bayajida da macijin rijiyar Kusugu. Mai karatu ya san labarin, don haka ba za mu tsawaita ba. Baƙo ya sauka Daura cikin dare a gidan wata tsohuwa da ake kira Ayana, ya nemi ruwa, ta ce masa ai a garin nan ba a ɗibar ruwa sai ran Juma'a, saboda macijin da ke cikin rijiya. Ya ari guga ya tafi, ya sare kan macijin ya jefa a jaka, ya ɗebo ruwa ya sha ya shayar da dokinsa, ya kawo wa tsohuwa saura. Da gari ya waye Sarauniya ta sa aka yi shelar za ta raba gari biyu da wanda ya yi wannan aiki, sai ga mazaje suna ta fitowa, kowa yana cewa shi ne, wasu har da kawunan macizan da suka samo a wani wuri. Muna isowa nan sai wani ɗalibi, irin waɗanda ba a rasawa a kowane aji, ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ashe tun zamanin Daurama ake ba da sanarwar an kashe Shekau?" Aji ya tuntsure da dariya. Mu ma, ba za mu ɓoye ba, mun dara.

Mutum guda ne bai yi dariyar ba, wani siririn yaro da ke zama can baya kusa da taga. Ɗalibanmu na Hausa a nan kudu iri-iri ne. Akwai 'ya'yan Sabo da zango, waɗanda kakanninsu suka zo fataucin goro da shanu suka zauna, akwai waɗanda takardar shiga jami'a ce ta jefo su daga Arewa, sa'an nan akwai waɗanda suka tashi a barikin soja, inda Hausa ce harshen wasan yara ko da iyayensu ba Hausawa ba ne. Wannan yaro yana cikin kashi na uku. Bayan Azahar muna ofis muna duba takardu, sai ya yi sallama ya shigo, ya rusuna ya gaishe mu, muka nuna masa kujera ya ƙi zama. Ya ce, "Malam, ni da albashin yayana nake karatun nan. Shekararsa shida ke nan a Borno, sau biyu ana harbinsa. In abin da yake yi can abin dariya ne, to don Allah ku gaya mini gaskiya, in san irin kuɗin da nake ci."

Amsar da muka ba shi ba ta gamsar da mu ba, balle shi. Muka ce masa ai wasa ne, ba da yayansa ake ba, Allah ya kare shi ya dawo da shi lafiya. Ya ce amin, ya yi godiya ya fita. Tun daga ranar muke jin kamar mun ci bashi, domin tambayar da yaron ya yi ta fi ƙarfin ban haƙuri. Me ya sa yara masu shekara ashirin, waɗanda ba su taɓa jin ƙarar igwa ba, za su yi dariya da zarar an ambaci nasarar soja? Daga ina wannan shakka ta fito, kuma shin raina jinin yayan yaron nan ake yi da ita? Abin da ke biye ƙoƙari ne na biyan wannan bashi.

Bari mu fara da kanmu, don kada a ɗauka daga littafi kurum muka san maganar. A Jimeta aka haife mu, kuma shekararmu biyar a duniya lokacin da almajiran Maitatsine suka tayar da tarzoma a garin, ƙarshen watan Fabrairu na 1984. Abin da ƙwaƙwalwar yaro ta riƙe kaɗan ne. Muna tuna baƙin hayaƙi da ya tokare sama daga wajen kasuwa, da wata ƙara mai girgiza langa-langa wadda daga baya muka ji ana cewa igwa ce, da kuma ƙunshin kaya da mahaifiyarmu ta ɗaure a tsohon zane ta ajiye a bakin ƙofa, ta hana kowa taɓawa. Muna kuma tuna ranar da motocin soja suka ratsa unguwarmu, manya suka fito suna ɗaga hannu, wata maƙwabciyarmu har da guɗa. A idon yaron da muke a lokacin, sojan nan shi ne Bayajida, kuma har gobe akwai wani lungu a zuciyarmu da bai sauya wannan ra'ayi ba.

Sai da muka girma muka fahimci cewa macijin da aka sare a Jimeta an riga an sare shi a wasu wurare. A watan Disamba na 1980 aka yi ta farko a unguwar 'Yan Awaki ta Kano, inda 'yan sanda suka kasa, Shugaba Shehu Shagari ya tura soja, aka kashe Muhammadu Marwa kansa, kuma ƙididdigar hukuma ta ce mutum 4,177 suka rasa rayukansu. Kowa ya ɗauka an gama. Ba a cika shekara biyu ba sai ga ta a Bulumkutu ta Maiduguri da Rigasa ta Kaduna a watan Oktoba na 1982, kana tamu ta Jimeta, sa'an nan Gombe a watan Afrilu na 1985. Gaskiya ce ƙarfin soja ne ya karya lagon ƙungiyar daga ƙarshe, wannan ba ma musunsa. Amma iyayenmu sun ji "an gama da su" har sau huɗu kafin ta biyar ta tabbata, kuma wanda aka yi wa haka ba ya sake jin kalmar da kunnen da ya ji ta da farko.

Bashin da soja ke bin mu bai tsaya a 1984 ba. A ƙarshen watan Oktoba na 2014 mayaƙan Boko Haram suka kama Mubi, gari na biyu mafi girma a jihar Adamawa, har suka sauya masa suna. Gwoza, Madagali da Michika sun riga sun faɗa hannunsu. Jama'a suka kwararo Yola a ƙafa da bayan motocin kaya, wasu sai da suka ratsa ta Kamaru. Gidanmu na Jimeta mai ɗaki biyar ya ɗauki baƙi goma sha tara, cikinsu har da wata dattijuwa daga wani ƙauyen Madagali wadda muke kira Goggo, ko da yake dangantakarmu da ita ta nesa ce ƙwarai. Muna nan kudu muna bugun waya dare da rana, ana gaya mana mutane sun fara haɗa kaya, mahaifiyarmu ta sake ɗaure ƙunshinta bayan shekara talatin. Cikin watan Nuwamba soja da maharba da 'yan banga suka ƙwato Mubi. A farkon 2015, bayan an ɗage zaɓe da mako shida, sojojinmu da na Chadi da Nijar da Kamaru suka yi ta karɓe garuruwa ɗaya bayan ɗaya, har aka shiga Gwoza ran 27 ga Maris. Duk wanda ya ce mana wa'azi ko sulhu ne zai tsayar da motocin da suka nufo Yola a wancan lokaci, za mu ce masa bai kwana da waya a ƙarƙashin matashi ba.

Saboda haka ba ma cikin masu cewa bindiga ba ta da amfani. To amma shakkar da muke magana a kanta tana nan, kuma ba a aji kaɗai muke jin ta ba. Akwai teburin mai shayi da muke zama a Sabo bayan sallar Isha'i, inda 'yan goro da direbobin tirela da masu canji ke taruwa, rediyo na rataye a jikin ƙusa. Duk sa'ad da mai labarai ya karanto cewa dakaru sun hallaka 'yan ta'adda kaza sun ƙwato makamai kaza, akwai wani dattijo mai sayar da goro da kan kurɓi shayinsa ya ce, "Allah ya sa." Mu da nazarin harshe ne abincinmu mun daɗe muna sauraren wannan "Allah ya sa". Addu'a ce ta gaskiya, domin dattijon yana da 'ya'ya da jikoki a Yobe. Sai dai yadda yake jan wasalin ƙarshe yana saukar da murya, kowa a teburin ya san ma'anarsa ita ce, mun ji irinta a bara. Ba wanda ke zagin soja a teburin nan. In aka nuna hoton yaran da suka faɗi a fagen daga, sai ka ji wurin ya yi tsit, ana ta salati. Sanarwar ce ba a saya.

In mai karatu ya bi tarihin sanarwoyin zai ga dattijon yana da hujja. A watan Yuli na 2009 aka rushe cibiyar ƙungiyar a Maiduguri, mutum fiye da 700 suka mutu cikin 'yan kwanaki, soja suka kama Muhammad Yusuf da ransa suka miƙa shi ga 'yan sanda, ran 30 ga wata aka nuna gawarsa. Aka ce an kawo ƙarshen fitina. Shekara guda da 'yan makonni bayan haka, a watan Satumba na 2010, mabiyansa suka fasa gidan yarin Bauchi suka saki fursunoni fiye da 700. A 2011 suka kai harin bam hedikwatar 'yan sanda da ginin Majalisar Ɗinkin Duniya a Abuja, ran 20 ga Janairu na 2012 kuma suka kashe kimanin mutum 185 a Kano cikin yini guda. Waɗanda suka dawo sun fi waɗanda aka kora mugunta nesa ba kusa ba, kuma kisan da aka yi wa shugabansu ba tare da shari'a ba ya zame musu jari, suna ta wa'azi da shi suna jan matasa. Da an gurfanar da mutumin nan gaban alƙali, an bar shi ya amsa tambayoyi a bainar jama'a, wa ya san abin da za mu ji, da kuma sunayen da za su fito?

A watan Mayu na 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, kuma a ƙarƙashin dokar ne aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok a watan Afrilu na 2014. A watan Disamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ce a fannin dabarun yaƙi an riga an ci ƙungiyar. Bayan shekara guda aka ba da sanarwar faɗuwar babban sansaninsu na dajin Sambisa, har aka kawo tutar Shekau aka miƙa wa shugaban ƙasa a gaban 'yan jarida. Tutar ta gaske ce, sansanin ma an kama shi. Duk da haka a watan Fabrairu na 2018 aka shiga Dapchi aka ɗebi 'yan mata 110, a watan Nuwamban shekarar kuma aka afka wa sansanin soja na Metele aka yi mummunar ɓarna. Shi kuwa Abubakar Shekau, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, aka ce an kashe shi ko an ji masa raunin da ba zai tashi ba, sai ya ɓullo a faifan bidiyo yana dariya. Da ajalinsa ya zo a watan Mayu na 2021, tsoffin abokansa da suka ɓalle suka bi Da'ish ne suka ritsa shi a Sambisa, ya tayar da bam ya kashe kansa. Wannan ita ce dariyar da aji ya yi, kuma yaran ba su ƙirƙiro ta ba, gadonta suka yi.

Da muka koma gida ran Talatar nan muka sake juya labarin Kusugu a rai, sai muka lura da wani abu da muka shekara goma sha biyar muna koyarwa ba mu kula da shi ba. Mutum na farko da ya san an kashe macijin ba Sarauniya ba ce, ba kuma fadawanta ba. Ayana ce, kuma ba ta ga kan maciji ba, ba ta ji shela ba. Ruwa ta gani a gidanta a ranar da ba Juma'a ba. Fada ce ke bukatar a kawo kai a auna shi da gangar jiki, don a san wanda za a ba rabin gari. Talakan Daura kuwa ba ruwansa da kai, abin da ya dame shi shi ne ko matarsa za ta iya ɗaukar tulu ran Litinin ta je ta dawo. A ganinmu a nan hukuma da jama'a suka raba hanya a wannan yaƙi. Ita tana ƙirga kawuna da bindigogi da tutoci, su kuma suna ƙirga ranakun da suka iya zuwa gona, kowa kuma yana mamakin yadda ɗan'uwansa bai ga abin da yake gani ba.

Dubi yadda zama ya kasance a garuruwan Borno da aka ƙwato. An haƙa rami an kewaye gari, soja na tsaron ƙofa, mutane na ciki, yawancinsu 'yan gudun hijira daga ƙauyukan da ke kewaye. Daga 2019 aka janye ƙananan sansanoni aka tattara dakaru a manya, don a rage asarar da ake yi, abin da ya bar hanyoyi da karkara a buɗe. Gari yana hannun gwamnati, a taswira an shafa masa launin nasara, amma mace ba ta iya wuce ramin da nisa don ɗebo itace sai da rakiya ko da kasada. Ran 28 ga Nuwamba na 2020 manoman shinkafa daga Zabarmari, ƙauyen da ba shi da nisa da Maiduguri, suka tafi girbi a fadamar Koshebe, aka ɗaure su aka yi musu yankan rago. Gawa 43 aka sallata washegari. Abin da ya ƙara wa jama'a ciwo shi ne da wani kakakin gwamnati ya ce manoman ba su sami izinin soja ba kafin su shiga gonar. Mai yiwuwa yana da gaskiya bisa ƙa'idar yaƙi. Sai dai wanda zai nemi izini kafin ya yanki shinkafar da ya shuka, ai har yanzu ran Juma'a kaɗai yake ɗibar ruwa.

Akwai alƙaluman da suka fayyace wannan fiye da duk abin da za mu iya faɗa. A 2021 hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 rikicin Arewa maso Gabas ya ci rayuka kusan 350,000. Daga cikinsu kimanin 35,000 ne suka mutu ta harsashi da bam da wuƙa. Sauran, watau wajen tara cikin goma, yunwa da cuta da rashin asibiti ne suka ɗauke su, kuma mafi yawansu ƙananan yara ne. Ba a harbin yunwa da igwa. Uwar da ta binne ɗa a sansanin gudun hijira saboda gudawa, in aka ce mata an kashe kwamanda wane a daji, me ake so ta ce in ba "Allah ya sa" ba?

Sa'an nan ga maganar da ta fi nauyi a baki, wadda da ɗalibinmu na gabanmu da sai mun sassauta murya. Wani lokaci takobin yakan sauka a kan mai ɗibar ruwa. Ran 17 ga Janairu na 2017 jirgin yaƙinmu ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann, mutum fiye da 100 suka mutu, har da ma'aikatan agaji. Ran 3 ga Disamba na 2023 jirgi maras matuƙi ya faɗa wa masu Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, aƙalla mutum 85 suka rasu, rundunar soja kuma ta amsa cewa kuskurenta ne. A shekarun farko na yaƙin an yi ta kamen samari a unguwannin Maiduguri bayan kowane hari, kuma da aka fara shari'ar waɗanda ake tsare da su a Kainji a 2017, ɗaruruwa aka sallama don babu hujja a kansu, bayan sun shafe shekaru a kulle. Wancan hukumar ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta taɓa yin hira da ɗaruruwan tsoffin mayaƙa a ƙasashen Afirka, Nijeriya na ciki, ta buga sakamakon a 2017. Kashi 71 cikin ɗari na waɗanda suka shiga da kansu sun ce abin da ya tunzura su a ƙarshe wani aiki ne na hukuma, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki. Wannan ba ya wanke wanda ya yanka manomi, Allah ya kiyashe mu da faɗin haka. Yana dai nuna cewa akwai irin sarar da ke haifar wa maciji 'ya'ya.

Kada kuma a ce gazawar sojanmu ce kurum, ko rashin kayan aiki. Amurka, wadda ba a fi ta jiragen yaƙi ba, ta shiga Afganistan a watan Oktoba na 2001 ta kori Taliban cikin 'yan makonni, ta zauna shekara ashirin, ran 15 ga Agusta na 2021 Taliban suka koma Kabul tun kafin jirgin ƙarshe ya tashi. Faransa ta shiga Mali a watan Janairu na 2013, mutanen Timbuktu suka tarbe ta da kiɗa da rawa kamar yadda maƙwabciyarmu ta yi guɗa a Jimeta, a 2022 kuma ta fice ana yi mata ihu, alhali fitinar ta riga ta bazu zuwa Burkina Faso da yammacin Nijar. Wata cibiyar bincike ta Amurka mai suna RAND ta bi diddigin ƙungiyoyin ta'addanci 648 da suka wanzu tsakanin 1968 da 2006, ta duba yadda waɗanda suka mutu suka mutu. Kashi 43 cikin ɗari sun ajiye makami sun shiga siyasa, kashi 40 aikin 'yan sanda da leƙen asiri ne ya gama da su, kashi 10 sun cim ma burinsu, kashi 7 kacal ƙarfin soja ya murƙushe. Adalci ne mu ƙara da cewa masu binciken sun ce in ƙungiya ta yi girman da take kama ƙasa tana kafa tuta, irin abin da muka gani a Gwoza da Mubi, to ba makawa sai soja. Abin da ke biyo bayan ƙwato garin ne ba aikinsa ba.

A nan tilas mu malaman adabi mu karɓi namu kason laifin. Labaran da muke koyarwa kusan duk a bakin rijiya suke ƙarewa. Jarumi ya kashe dodo, an ba shi 'yar sarki, ƙurunƙus. Ba mu san tatsuniyar da ta ba da labarin wanda ya yashe rijiyar bayan an fitar da mushen ba, ko wanda ya raba rigimar layin ɗibar ruwa, ko wanda ya zagaya bayan gari ya duba ko macijin ya bar ƙwai. Makaɗan fada sun cika kunnuwanmu da kirarin mazajen da suka ci gari da yaƙi, mawaƙan zamanin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 suka ɗora da yabon soja, kuma duk sun yi aikinsu yadda ya kamata. Amma wa ya taɓa jin an wasa alƙalin da ya yi adalci a kan iyakar gona, ko malamin firamare da ya zauna a ƙauyen da ba hanya? Masu mulkinmu ma da waɗannan labarai aka yi musu reno. Ba mamaki in suka ɗauka da an kawo kai fada labari ya ƙare.

Wajen mako shida bayan wancan darasi, yayan ɗalibinmu ya sami hutu ya zo ganin gida, ƙanen ya kawo shi ofis ya gaishe mu. Mun zaci za mu ga ƙato, sai ga matashi mai sanyin murya, yana ɗan ɗingishi. Muka sa aka kawo lemo, muka yi ta hira, har muka yi ƙarfin halin ba shi labarin abin da ya faru a aji. Ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, ai mu ma muna yin irin wannan dariyar a can, sai dai tamu ba ta da daɗi." Ya ce akwai ƙauyen da sau uku yana cikin waɗanda suka ƙwato shi. Kowane karo sai su kori mutanen, su zauna wata biyu ko uku suna jiran a turo 'yan sanda da malamin makaranta da mai ba da magani, ba wanda ke zuwa, sai a kira su wani wuri, kafin damina ta kewayo waɗancan sun dawo. Ya ce a karo na uku wani tsoho ya ƙi fitowa ya gaishe su, da aka tambaye shi dalili sai ya ce, "Ku baƙi ne, kwana nawa za ku yi? Su kuwa da su zan kwana." Sojan ya ce bai ji haushin tsohon ba. Ƙanensa na zaune yana kallon ƙasa, bai ce uffan ba.

Maganar tsohon nan ce ta fi tsaya mana a rai, domin ta nuna cewa shakka ba a teburin mai shayi take tsayawa ba. Mutumin da bai yarda soja zai daɗe ba, ba zai gaya masa inda aka binne nakiya ba. Masuncin tafkin Chadi da ya ga masu karɓar haraji na daji sun fi na gwamnati zama, su zai biya, ko yana so ko ba ya so. Matasan Kato da Gora da suka tashi a Maiduguri a 2013 sun kori 'yan ƙungiyar daga cikin birni ne saboda sun san fuskokinsu gida-gida, sanin da babu jirgin da zai ba ka shi, kuma sai jama'a sun amince suke bayar da shi. Bayan mutuwar Shekau dubban mayaƙa da iyalansu suka fito suka miƙa wuya, aka sami sararin da ba a taɓa samu ba. Duk da haka a watan Afrilu na 2025 Gwamna Babagana Zulum da bakinsa ya yi kukan cewa hare-hare sun dawo, jihar tana neman komawa baya. In gwamna ya faɗi haka, ba mu ga dalilin da za a kira mai goro maras kishin ƙasa don ya ja wasali ba.

Sojan bai cika hutunsa ba, aka kira shi ta waya, ya bi motar dare ya koma. Ɗalibin ya rubuta mana jingar ƙarshen zango a kan Ayana, shafi tara, ya ci maki mai kyau, ko da yake har yanzu yana rikita ƙa'idar raba kalmomi. Ba mu sake tayar da maganar da shi ba, shi ma bai tayar ba, sai dai yanzu in ya shigo ofis yakan zauna.

Goggo kuwa ta koma ƙauyensu na Madagali tun 2016. Ta sake rufin ɗakinta, tana noma wani ɗan fili a bayan gida. Babbar gonarta, wadda mijinta ya bar mata, tana can gindin dutse, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Kowace shekara in ruwa ya sauka mukan kira ta a wayar jikanta mu yi mata barka da damina, mu tambayi lafiyar ƙafarta da ta awakinta, daga nan mu ce, "Goggo, bana an kai ga ta gindin dutse?" Bana ma mun kira. Ta ce gyaɗar bayan gida ta yi kyau, za ta aiko mana da ƙuli-ƙuli in an sami mai zuwa Yola. Muka sake tambaya, don mun zaci layin ne bai kai mata ba. Ta ce, "Na ji ka, ɗan nan. Tukuna dai."